Neman Oyal Sil Mai Sauƙin Kuɗi na Shokozobar Gaban Tsohon Babur

"Malam, ina da babur Yamaha XS650 wanda takardunsa suka nuna ƙirar 1977 ne. Na same shi bayan ya yi shekaru a ajiye, na gyara injin ya tashi lafiya, amma shokozobar gaba ta hagu tana zubar da mai har yana gangarowa kusa da birki. Masu kayan gyaran da na tambaya sun ce an daina kawo sil ɗinsa, wanda na gani a intanet kuma, a cikin ledarsa ta kamfani tun ta wancan zamani, kuɗinsa ya fi ƙarfina. Na sayi wasu masu arha guda biyu na sa, mako biyu kacal aka yi ɓangaren hagun ya ci gaba da yoyo. Ina zan samu sil mai kyau da ba zai ƙarar mini da aljihu ba, kuma ta yaya zan tabbatar shi ne daidai da babur ɗina?"

Tambayar nan taka, Malam, guda biyu ce a haɗe. Ta farko ita ce inda za a samu sil ɗin da ya dace ba tare da an biya kuɗin da ya wuce kima ba. Ta biyu, wadda ka ambata a wuce, ita ce dalilin da ya sa sabon sil ya fara yoyo cikin mako biyu. Ta farkon tana da sauƙi ƙwarai, domin sil ɗin babur ɗinka bai ɓace daga kasuwa ba, sunan da kake nemansa da shi ne masu kaya suka daina ganewa. Ta biyun ita ce mai cin kuɗi, kuma a shekarun da na yi ina kwance shokozobar tsofaffin babura, na fi samun laifin a jikin ƙarfen da sil ɗin yake rungume da shi fiye da jikin robar kanta.

Kowace ƙafa ta shokozobar gaba abu biyu ne da ke shiga cikin juna: sandar ƙarfe mai sheƙi wadda aka ɗaure a ƙarƙashin kan babur, da kuben alminiyum wanda yake riƙe da taya. A cikinsu akwai sifirin da ke ɗaukar nauyi, da man da ake tilasta wa bi ta ƙananan ramuka domin ya hana babur yin ta tsalle bayan ya faɗa rami. Sil ɗin kuwa zoben ƙarfe ne da aka lulluɓe da roba, yana zaune a bakin kuben, yana da leɓe mai kaifi ta ciki da wani siririn sifirin da ke matse leɓen a jikin sanda. A samansa akwai kilif da ke hana shi fitowa, sama da kilif kuma robar da ke tare ƙura. Abin da ya kamata ka riƙe a nan shi ne, masu ƙera babura ba su ne suke ƙera wannan zoben ba. Shokozobar mafi yawan baburan Japan ta fito ne daga kamfanoni irin su Showa da Kayaba, sil kuma daga masu sana'ar sil irin su NOK. Saboda haka zobe ɗaya, mai girma ɗaya, ya shiga babura masu yawa na kamfanoni dabam-dabam, kowane kamfani ya sa shi a ledarsa ya ba shi lambarsa.

Awo uku da ake neman sil da su

Idan ka ce wa mai kaya kana neman sil na XS650 ƙirar 1977, zai duba jerinsa bai ga sunan ba, ya ce maka babu. Idan kuwa ka ba shi lambobi uku, sau da yawa zai miƙo hannu ya ɗauko maka daga kwalin da aka rubuta wa sunan wani babur dabam. Lambobin nan su ne faɗin ramin ciki, da faɗin zoben ta waje, da tsayinsa, dukkansu da milimita, ana kuma rubuta su a jere kamar haka: 35x48x11. Na farko kaurin sandarka ne, na biyu faɗin mazaunin da ke bakin kube, na uku kuma zurfin da zoben zai ci kafin a kai tsagin kilif.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka karanta su a fuskar tsohon sil, idan ba ka yar da shi ba. Ka goge shi da tsumma da ɗan kananzir, ka haska shi da tocila daga gefe maimakon daga sama, za ka ga ƙananan lambobi sun taso a jikin robar, sau da yawa tare da sunan wanda ya ƙera. Amma ko ka karanta, ina ba ka shawara ka auna da kanka da kalifa, wato ma'aunin nan mai baki biyu da ke nuna milimita da ɓarinta, domin ba ka da tabbacin cewa wanda ya sa tsohon ya sa daidai. Ka auna sanda a inda take sumul. Kada ka auna ramin sil ɗin, saboda an yi leɓensa ya fi sanda ƙanƙanta da gangan domin ya matse ta, awon zai ruɗe ka. Daga nan ka auna mazaunin da ke cikin kube ta fuska biyu, sannan ka zura wutsiyar kalifa ka auna daga gindin mazaunin zuwa ƙasan tsagin kilif.

A kan babur ɗinka musamman, wannan awon ba ɓata lokaci ba ne. XS650 ya yi amfani da sanda mai milimita 34 har zuwa ƙirar 1976, daga ƙirar 1977 aka koma 35. Naka ya faɗo daidai kan iyaka, kuma shekarar da ke takarda wani lokaci shekarar rajista ce, ba ta ƙira ba. Ban da haka, babur da ya haura shekara arba'in ya bi ta hannaye da yawa, ba abin mamaki ba ne a tarar wani ya taɓa yin karo da shi ya sauya gaban baki ɗaya da na wata shekara ko ma na wani babur. Sil na 35 a kan sanda ta 34, idan faɗinsa na waje ya dace da mazaunin kube, zai shiga salin-alin, har ya riƙe mai na ɗan lokaci idan babur yana tsaye, amma da zarar an fara hawa zai saki. Idan awonka ya nuna 35, to kana cikin sa'a, domin sil na 35x48 mai tsayin 10.5 ko 11 yana cikin waɗanda suka fi yawa a baburan Japan na shekarun 1970, kuma har yau ana ƙera shi sabo.

Lambobi biyun farko ba a yi musu sassauci. Zobe mai faɗin 47 a mazaunin 48 zai yi sako-sako, mai ya biyo ta bayansa, kuma babu gam ɗin da zai gyara wannan gyara mai ɗorewa. A tsayi ne kawai ake da ɗan sarari: bambancin rabin milimita yawanci ba ya hana komai, muddin kilif zai zauna cikin tsaginsa sosai ba tare da an danne shi da ƙarfi ba. Idan zoben ya gaza tsayi da milimita ɗaya ko fiye, ana iya cike gurbin da siririyar wosha tsakaninsa da kilif, amma wanda ya fi tsayi har ya rufe tsagin ba shi da amfani. Masu tsofaffin baburan Ingila su lura cewa nasu awon da inci aka yi shi, inci ɗaya kuma milimita 25.4 ne, don haka abin da kalifa ta nuna kusa da cikakkiyar lamba ba lalle ne ya zama ita ba.

Akwai kuma hanyar lambar kamfani. Littafin kayan gyara na kowane babur, mai zanen kowane ƙarfe da lambarsa, yanzu ana samunsa a intanet. Ka ɗauki lambar sil ɗin ka nema da ita kaɗai, ba tare da sunan babur ba. Sau da yawa za ka tarar an maye gurbin tsohuwar lambar da sabuwa, ko kuma ka ga jerin wasu babura da suke amfani da ita, har da waɗanda suka fi naka ƙuruciya da shekaru goma. A wajen Honda abin ma a fili yake, domin lambobin tsakiya suna nuna babur ɗin da aka fara yin kayan dominsa, kamar 300 da ke nufin CB750 na 1969, kuma sukan rubuta awon sil ɗin a gefen sunansa. Wanda ya ce maka an daina kawowa wataƙila tsohuwar lambar kaɗai ya duba.

Wanne za a saya

Wancan da ka gani a tsohuwar ledar kamfani, ka bar wa masu tara kayan tarihi. Tsohon kaya da ba a taɓa amfani da shi ba yana da daraja idan ƙarfe ne ko gilashin fitila, amma roba tana tsufa ko tana kwance a kwali. Ƙa'idar ISO 2230 ta ajiyar kayan roba ta ba irin robar da ake yin waɗannan zobba da ita, wato NBR, shekara bakwai a ajiya mai kyau kafin a sake duba lafiyarta, naka kuwa ana maganar shekara arba'in ne a ɗakin da ba wanda ya san zafinsa. Wani mai babur ya taɓa kawo mini irinsa yana murna, ledar ta yi ruwan ɗorawa amma a rufe take. Da na fito da shi na ɗan lanƙwasa leɓen da babban yatsa a gaban fitila, sai ga ƙananan tsagogi sun buɗe a kewayensa kamar busasshiyar ƙasa. Ya biya kuɗin sil huɗu ya sayi wanda ba zai yi wata guda ba.

Abin da nake sa wa a baburan mutane shi ne sabon sil na shokozoba daga kamfanin da ya sa sunansa a jikin kayan. NOK, Athena, Ariete, All Balls da SKF duk suna yin su, kuma ana iya nemansu da awo. Na NOK da aka sayar a farar leda, idan na gaske ne, daga hannun da yake yi wa masu ƙera baburan ya fito, bambancin kuɗin na leda ne da suna. Waɗanda ake tallata su da cewa suna rage gogayya ƙwarai an yi su ne domin baburan tsere, tsohuwar shokozoba irin taka ba za ta nuna maka bambancin da zai biya ƙarin kuɗin ba. Haka ma robar FKM mai jure zafi, wadda ta fi tsada: man shokozoba ba ya yin zafin da zai dami NBR.

Sai kuma masu sayar da boris da sil na injinan masana'antu, inda mutane da yawa suke zuwa saboda arha. A nan akwai tarko da ya kamata ka sani. Za ka iya samun zobe mai awonka daidai, an rubuta TC a jikinsa, amma an yi shi ne domin ƙarfen da ke juyawa a wuri ɗaya, kamar na injin ko na famfo. Leɓensa yana zaune a layi guda duk rayuwarsa. Sandar shokozoba kuwa sama da ƙasa take yi, tana jan mai zuwa sama a kowane motsi, kuma duk lokacin da ka taka birki gaban ya nutse, iskar da ke saman man tana matsuwa ta turo shi da ƙarfi. Sil ɗin da aka yi domin wannan aiki leɓensa ya fi kauri da ƙarfi, sau da yawa da sifirin biyu, ɗaya na kallon mai ɗaya na kallon waje. A jerin sunayen masana'antu, irin waɗanda ke ɗauke da TC4 ko DC4 su ne na kai-da-komo. Na taɓa sa TC a babur ɗina da na rasa yadda zan yi, ya kai ni inda za ni, amma kullum da ɗan zoben mai a jikin sanda, kuma bai shekara ba. Idan mai kaya ya ce maka duk ɗaya ne, ka tambaye shi ko na juyawa ne ko na sama da ƙasa.

Marasa suna, irin waɗanda ka saya, ba dukkansu ne marasa kyau ba, matsalar ita ce ba ka da hanyar sanin wanne ka samu sai ka duba da idonka. Ka zagaya leɓen da farce a hankali, ya kamata ya zama sumul da kaifi ɗaya ba tare da ragowar roba ko gurbi ba. Ka ciro siririn sifirin ɗin ka duba mahaɗarsa, ka ga ko ya yi tsatsa ko yana shirin warwarewa. Ka matsa zoben tsakanin yatsu, idan ƙarfen cikinsa ya lanƙwashe cikin sauƙi to zai karkace a wajen bugawa. Sannan ka auna faɗinsa na waje da kalifa, na kirki yakan ɗara mazauninsa da ɗan kaɗan domin ya shiga da matsi. Jabu ma suna nan da sunayen manyan kamfanoni, ana gane su da rubutun da ya dushe ko ya karkace. Idan ta intanet za ka saya, kuɗin aike yakan fi na sil ɗin, don haka ka haɗa komai a oda ɗaya: sil biyu, robar ƙura biyu, woshar tagulla ta ƙusar ƙasa, da sababbin kilif idan naka sun ci tsatsa. Ni nakan ƙara sil ɗaya na ajiya, saboda wanda bai saba ba yakan lalata na farko a wajen sawa.

Dalilin da hagun ya sake yoyo

Ka lura da wani abu a cikin labarinka. Sil biyu ka saya daga leda ɗaya, ka sa su rana ɗaya, amma ƙafar da take yoyo tun farko ita ce ta sake yi, ta daman tana lafiya. Da robar ce ba ta da kyau, da wuya ta zaɓi hagu kaɗai. Wannan ya sa nake zargin sandar hagu.

Kafin a kai nan, ka fara kawar da abubuwa biyu masu sauƙi. Ka ɗaga robar ƙura ka goge ƙarƙashinta, domin tsohon mai yakan taru a wurin ya riƙa fitowa kwana da kwanaki bayan gyara. Idan ka goge ya dawo, ka yanki siririyar roba mai ƙarfi, kamar tsohon fim na kyamara ko gefen gorar ruwa, ka zura ta tsakanin leɓe da sanda, ka zagaya da ita sau ɗaya kana karkata ta zuwa sama, sannan ka danna gaban babur sau goma ka goge. Ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin leɓe ta isa ta sa yoyo, kuma wannan dabarar takan fito da ita.

Idan bai tsaya ba, ka duba sanda. Babur da ya yi shekaru a ajiye, sashen sandarsa da ke waje yakan yi tsatsa a ƙarƙashin kurom, wato rufin nan mai sheƙi da ke jikin sandar, ta taso kamar ƙuraje, kowane ƙurji da bakinsa mai kaifi. Duk lokacin da gaban ya nutse, leɓen sil yana bi ta kansu, su kuma suna yankarsa kaɗan-kaɗan, ramin da ke tsakiyarsu kuma yana ɗebo mai ya wuce da shi sama. Mako biyu daidai ne da lokacin da irin wannan yake ɗauka. Ka ɗaura siririn maɗaurin waya na roba a jikin sanda dab da bakin kube, ka riƙe birki ka danna gaban iya ƙarfinka, inda maɗaurin ya tsaya shi ne kusan iyakar wurin da sil yake bi. Tsatsar da ke sama can, tsakanin maƙallai biyu na kan babur da ke riƙe da sandunan, muni ce kawai, ba ta shafi yoyo ba. Ta cikin tazarar da ke tsakanin bakin kube da maɗaurin ce abin damuwa. Ka bi ta da farce ta kowace fuska, har da bayan sanda inda ido ba ya kaiwa, duk inda farce ya maƙale leɓen roba ma zai maƙale.

Idan ramukan kaɗan ne, uku ko biyar masu girman kan allura, ana iya ceto sandar. Ana fara kwantar da bakinsu da lallausan dutsen wasa wuƙa ko samfefa mai lamba 600 da ɗan mai, sannan a bi da 1000 ko 1200, ana zagaya sandar maimakon bin tsawonta, domin layin da aka ja a tsaye hanya ce da mai zai bi. A wanke ramin da abin wanke birki har ya bushe ƙarau, a cike shi da gam mai haɗi biyu na ƙarfe, a bar shi kwana ɗaya cur, a kankare abin da ya taso da reza a kwance, a sake shafawa da lallausar samfefa har farce ya wuce bai ji komai ba. Na yi wannan sau da dama kuma ya riƙe shekaru, amma faci ne, kuma yana da iyaka. Idan kurom yana ɓarewa kamar ɓawo, ko ramukan sun yi gungu, sai dai a sake wa sandar kurom mai tauri a goge ta ta koma awonta, ko a sayi sabuwa. Kurom na ado da ake yi wa salansa da madubi ba ya wannan aiki, siriri ne kuma ba a auna shi. A kan babura sanannu kamar naka ana ƙera sababbin sanduna, kuma sau da yawa sun fi sake kurom sauƙi, don haka ka tambayi kuɗin duka biyun kafin ka yanke shawara.

Tunda sandar tana hannunka, ka mirgina ta a kan gilashi ko wani abu mai shafe sosai, ka duba ko haske yana shiga ƙarƙashinta yana fita. Littattafan gyara da yawa sun sa iyakar lanƙwasa a milimita 0.2, abin da ido ba ya gani sai da ma'auni, amma wadda ta taɓa karo takan nuna kanta a gilashi. Ka kuma zura sandar cikin kube ba tare da sil ba, ka girgiza ta gaba da baya. Shokozoba da yawa na wancan zamani ba su da bushin da ake sauyawa, wato zoben da ke shiga tsakanin sanda da kube, sanda a jikin alminiyum take gogawa kai tsaye, kuma idan an bar mai ya ƙazantu shekara da shekaru kuben yakan cinye ya yi faɗi. Sanda mai rawa tana buɗe leɓe ta gefe ɗaya a kowane birki. Idan akwai bushin a sauya shi, idan babu kuma rawar ta yi yawa, sai neman wani kuben na hannu mai lafiya.

Wajen sawa

Sil da yawa a ranar sawa suke mutuwa. Ka sassauta ƙusar maƙalli na sama kafin ka taɓa murfin sanda, ka karya ƙarfin murfin tun sandar tana ɗaure a maƙalli na ƙasa, ka kuma tuna cewa sifirin yana tura shi, kada fuskarka ta kasance a samansa. Ƙusar da ke gindin kube ta fi sauƙin kwancewa tun sifirin yana ciki yana danne abin da ta kama. Wajen ciro tsohon sil, ka ɗumama bakin kuben da ruwan zafi ko na'urar busar da gashi, ka sa ƙyalle ko guntun katako a ƙarƙashin abin da kake ɓanɓara da shi. Na ga kube da yawa da bakin sukundireba ya yi wa gurbi a mazauni, irin wannan mai ta bayan sil yake bi, kuma mai shi zai yi ta sauya roba yana zagin masu ƙera ta. Ka duba mazaunin hagun da kyau saboda wannan.

Fuskar da ke da rubutu sama take kallo, buɗaɗɗen gefen da babban leɓe da sifirinsa kuma ƙasa, wajen mai. Ka shafa wa leɓen man shokozoba. Idan irin shokozobar da sanda ke fita gaba ɗaya ce, ana buga sil a kube tukuna, da tsohon sil a kansa ko kan soket mai faɗin da ya dace da gefen waje, a hankali kuma a daidaice, har sautin bugun ya sauya tsagin kilif ya bayyana duka, sannan a zura sanda ana ɗan murza ta. Idan kuwa mai bushin ce da dole sil ya biyo ta saman sanda, a rufe kan sandar da leda mai laushi da aka shafa wa mai domin kada kaifin bakinta ya yanki leɓe, a buga da guntun bututun PVC. Kada guduma ta taɓa sil kai tsaye.

Yawan mai ka ɗauko shi daga littafin ƙirar da awonka ya tabbatar, domin na sanda 34 da na 35 ba lalle su zo ɗaya ba. Man da ya yi yawa yana rage iskar da ke sama, matsi ya ƙaru, ya fi ƙarfin leɓe. Man shokozoba mai lamba 10W shi ne inda aka saba farawa a irin waɗannan babura, wasu tsofaffin littattafan Honda ma man giya na ATF suka rubuta. Bayan ka zuba ka motsa sanda sama da ƙasa har kumfa ta ƙare, ka auna tazarar mai daga bakin sanda a ƙafafu biyun, sifirin a waje sanda a nutse, su zo daidai. Wajen mayar da taya, ka bar ƙusoshin da ke matse ƙarfen tsakiyar taya a gindin kube sako-sako, ka sauke babur ka danna gaban sau da yawa domin ƙafafun su daidaita kansu, sannan ka ɗaure. Ƙafar da aka ɗaure a karkace tana cin sil ta gefe ɗaya.

Ban ga babur ɗinka ba, kuma daga rubutu ba zan iya raba tsakanin ramin tsatsa da gurbin mazauni da rawar kube ba, farcenka da kalifarka ne za su raba. Abu ɗaya dai ba ya jiran bincike: ka ce man yana gangarowa kusa da birki. Ka daina hawa har sai an gyara, ka ciro takalman birkin ka duba, idan sun sha mai a sauya su, domin wanki da ƙonawa ba sa fitar da man da ya shige cikinsu, faifan kuma a wanke shi da abin wanke birki. Bayan gyara, idan sandar da aka yi wa faci ce za ta koma, ka sa mata robar nan mai lanƙwasa-lanƙwasa da ke rufe sanda daga maƙalli zuwa kube, wadda take hana tsakuwa da ruwa isa ga kurom. Sai dai tana ɓoye yoyo, don haka a makonnin farko ka riƙa ɗaga bakinta na ƙasa bayan kowace tafiya kana shafa sandar da farin ƙyalle. Ɗan danshi a kwana biyun farko man da ka shafa ne wajen sawa, amma idan ƙyallen yana fitowa da jiƙa bayan mako guda, sai a sake kwance ƙafar hagun a duba leɓen sabon sil a gaban fitila, inda yankan yake shi zai nuna maka layin da za ka bi a jikin sanda.